Inji Ne Ya Ci Ko Kundi? Rahoton Aikina Kan Buɗin Wasa a Gasar Ces ta Kwamfuta

6 ga Janairu, 2025

Tambaya ɗaya ce ta sa na fara wannan aiki: idan injin ces, wato manhajar kwamfuta mai buga wasan chess, ya lashe gasa, nawa ne rabonsa a cikin nasarar, nawa ne kuma rabon mutumin da ya tsara masa takun farko? A manyan gasanni ba kasafai injina ke fara wasa da kansu ba. Ana ɗora su a kan kundin buɗi, wato jerin taku da aka riga aka rubuta, su bi shi har ya ƙare, daga nan ne suke soma nasu lissafin. Wani kundin taku 4 ne, wani ya haura 15. Duk abin da ya gudana kafin wannan gaɓa hannun ɗan Adam ne, amma a allon sakamako sunan inji kaɗai ke fitowa, shi ake yabo, shi ake kushewa.

Na harhaɗa injina huɗu: Stockfish, Leela Chess Zero, Berserk da RubiChess. Biyun farko sun daɗe suna haɗuwa a wasan ƙarshe na manyan gasanni, sauran biyun kuma ba kanwar lasa ba ne. Manhajar cutechess-cli ce ke alƙalanci, ita ke riƙe agogo, ita ke adana kowane wasa. Za su kara a yanayi huɗu: babu kundi ko kaɗan, kowa da nasa kundin, kundi ɗaya daidaitacce ga kowa, sai kundi ɗaya mai karkata, wanda ke ba ɓangare guda rinjaye tun daga farko. Injinan su ne dai, kwamfutar ma ita ce dai. In jerin gwanaye ya sauya, kundi ne ya sauya shi.

12 ga Janairu

Zagayen da babu kundi ya kammala. Tsakanin Stockfish da Leela kusan kowane wasa canjaras ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Maimaici ne babbar matsalar. Inji ba ya gundura. In lissafinsa ya nuna masa e4, wato tura soja zuwa gidan allo mai wannan suna, ya fi, gobe ma e4 zai buga, abokin karawarsa kuma ya maido masa amsar jiya. Sai ka tarar wasanni da yawa sun bi turba guda mai tsawo, sau da dama su gangara buɗin da ake kira kariyar Berlin, inda ake musayar sarauniya tun a taku na 8. Ita ce katangar da Vladimir Kramnik ya kafa wa Garry Kasparov a Landan a 2000, har aka tashi karawar Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba.

Saboda haka masu cewa a bar injina su fara daga tushe, wai shi ne adalci, ba su duba abin da ke fitowa ba. Wasa 100 da ke kwafin juna ba wasa 100 ba ne. Ƙididdiga tana ɗaukar kowane wasa a matsayin shaida mai zaman kanta, alhali shaida ƙalilan ake ta nanatawa.

20 ga Janairu

Kafin in shiga zagayen kowa da kundinsa na koma kan tsofaffin wasanni, domin can ne tsarin ya samo asali. Gasar duniya ta injinan ces ta fara a 1974 a Stockholm, manhajar Kaissa ta Tarayyar Sobiyat ce ta zo ta ɗaya, kuma al'adar wannan gasa ita ce kowace tawaga ta zo da kundinta. Mai rubuta kundi cikakken ɗan tawaga ne, kamar yadda mai rubuta manhaja yake. Jeroen Noomen ɗan ƙasar Holan ta wannan hanya ya yi suna: ya yi wa injin Rebel kundi, daga baya ya yi wa injin Rybka.

Amma misalin da babu kamarsa shi ne wasa na 6 a karawar Deep Blue, na'urar ces ta kamfanin IBM, da Kasparov, ranar 11 ga Mayu, 1997, a New York. An shiga wasan kowa na da maki 2½. Kasparov ke riƙe da baƙaƙe, ya zaɓi kariyar Caro-Kann, wadda ba ita ce makamin da ya saba ɗauka ba. A taku na 7 ya tura soja zuwa h6, nan take Deep Blue ta sadaukar da doki a e6. Masana sun san wannan sadaukarwa tun kafin ranar, kuma tana cikin kundin na'urar. Ba lissafo ta ta yi ba, karanto ta ta yi. Sarkin baƙaƙe ya maƙale a tsakiyar allo, a taku na 19 Kasparov ya miƙa wuya, aka tashi 3½ da 2½. Tawagar IBM na da manyan gwanaye masu kula da kundin, irin su Joel Benjamin da Miguel Illescas. Shi kuwa Kasparov, gudun wannan kundi ne ya sa ya buɗe wasa na 3 da d3, taku marar kaifi, don kawai ya fitar da na'urar daga abin da aka rubuta mata. Ashe kundin ya yi aiki ta fuska biyu: ya ci wasan da aka faɗa cikinsa, ya kuma sa gwarzon duniya ya ajiye makamansa masu kaifi a wasan da ya kauce masa.

Ban kawo wannan don in rage wa Deep Blue daraja ba. Bayan sadaukarwar ita ta ƙarasa aikin da kanta, kuma ta ƙarasa shi da kyau. Abin da nake so a riƙe shi ne, wasan da duniya ke tunawa a matsayin ranar da na'ura ta fi ɗan Adam, takun da ya yanke shi mutane ne suka ajiye shi. Waɗanda suka shirya karawar Kramnik da injin Deep Fritz a Bonn a 2006 sun san da haka, shi ya sa aka yarda Kramnik ya riƙa kallon allon kundin na'urar muddin tana cikinsa. Duk da wannan sassauci Deep Fritz ta ci 4 da 2.

3 ga Fabrairu

Na yi wa RubiChess kundi nata na kanta, Berserk kuma na bar ta da kundi na gama-gari da aka tattaro daga wasannin gwanaye. Tsarin Polyglot na ɗauka, wanda Fabien Letouzey, mai injin Fruit, ya ƙirƙiro. Sauƙi gare shi: kowane shigarwa bayit 16 ce, a ciki akwai lambar da ke wakiltar matsayin allo, da takun da za a buga, da nauyin da ke nuna yadda za a yawaita zaɓensa. Da yake matsayi yake ganewa ba jerin taku ba, ko ta wace hanya aka iso wurin zai gane inda ake.

Ginin kundin ba ya buƙatar wata hikima mai zurfi, haƙuri yake so. Na bar RubiChess ta yi ta karawa da Berserk a layuka iri-iri. Layin da take shan wuya in rage masa nauyi ko in cire shi, wanda take jin daɗi in ƙara masa. Sannu a hankali sakamakonta a gaban Berserk ya gyaru, ba tare da an taɓa harafi ɗaya a cikin injin ba. Da na kai kundin nan gaban Stockfish kuwa, sai ribar ta ɓace kamar ba a yi ba. Kundin bai koyi ces ba, raunin Berserk ya koya.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A shekarun 1990 an sha ƙorafin cewa wasu masu sayar da manhajar ces suna dafa kundi musamman don ya riƙa kayar da takamaiman abokan hamayya a jerin gwaji irin na SSDF, ƙungiyar Suwidin mai auna ƙarfin injina. Tun da inji kan maimaita kuskurensa a matsayi guda, in ka gano layin da yake faɗuwa a kai, sai ka yi ta jan sa can. Maki na hawa, ƙarfi na nan inda yake.

Wani abin da na lura da shi ya fi wannan ban sha'awa. Lambar da inji ke nunawa ta yawan rinjayen da yake gani lokacin da ya fita daga kundi ba ita ce komai ba. Matsayi biyu za su iya nuna 0.30 daidai, ɗaya a buɗe yake, kowane taku da barazanarsa, ɗaya kuma a kulle, sojoji sun sarƙe, sai mai dogon shiri. Inji guda zai yi fice a na farko ya yi ta kai-komo a na biyu. Gwanin kundi ba layin da ya fi kyau a duniya yake nema ba, layin da ya dace da injinsa yake nema, wanda kuma bai dace da na abokin gaba ba. Wannan sana'a ce ta gaske, ina girmama ta. Sai dai gasar da aka yi da ita tawaga take aunawa, ba inji ba, kuma ya kamata a riƙa faɗin haka a fili duk lokacin da aka miƙa kofi.

10 ga Fabrairu

Kundi daidaitacce, taku 8, kowane buɗi a buga shi sau biyu ana musayar launi. Maimaici ya kau. Canjaras bai kau ba. Manyan biyu suna doke ƙananan biyu, amma a junansu sai kunnen doki, domin matsayin da yake daidai tun farko, injin wannan zamani ya san yadda zai riƙe shi daidai har ƙarshe. Jerin da ya fito mai ma'ana ne, kawai yana buƙatar wasanni masu ɗimbin yawa kafin ya raba na sama.

24 ga Fabrairu

Kwanakin nan na zauna da wasannin TCEC, gasar injinan ces da Martin Thoresen ya kafa a 2010. A babban wasanta na ƙarshe ana buga wasa 100 a kan buɗi 50, kowane buɗi sau biyu, inji ya riƙe farare a ɗaya ya riƙe baƙaƙe a ɗaya. Noomen ɗin nan da ya daɗe yana yi wa tawaga ɗaya kundi, shi ya dawo yana zaɓar wa kowa, daga baya gwani Matthew Sadler na Ingila ya sa hannu. Da gangan suke sako buɗi masu haɗari, irin gambit ɗin sarki (inda ake sadaukar da soja tun farko) da Benoni da wasu rassan Sisiliya masu zafi, waɗanda inji ba zai taɓa shiga da son ransa ba.

A kaka ta 14, a farkon 2019, Stockfish ta doke Leela da 50½ da 49½. A kaka ta 15, cikin shekarar dai, Leela ta rama da 53½ da 46½. Na yi ɗan lissafi a kan waɗannan lambobi. Kusa da rabi da rabi, kashi 1 cikin 100 na maki daidai yake da 7 ko kusa da haka a Elo, ma'aunin ƙarfin 'yan wasan ces. Ke nan 50½ na nufin tazarar Elo 3 zuwa 4, 53½ kuma wajen 24. To a wasa 100 da kimanin 80 suka tashi canjaras, in an ƙirga wasa ɗaya-ɗaya, shakkar da ke cikin awon ta kai Elo 30 sama ko ƙasa. Tazarar kaka ta 14 ta nutse a cikin wannan shakka gaba ɗaya. Da an cire buɗi biyu daga cikin 50 ɗin an sa waɗansu, babu abin da zai hana kofin komawa ɗaya gidan. Stockfish ta ci, kuma cin halal ne, bisa dokar da kowa ya amince da ita. Amma duk wanda ya ɗauki maki guda ɗin nan ya ce ya tabbatar da wanda ya fi ƙarfi, ya ɗora wa lambar kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Daga nan na sauya yadda nake ƙirga nawa wasannin. Yanzu tagwaye nake ƙirgawa, ba ɗaiɗaiku ba. A tagwayen wasa inji na iya samun 0, ½, 1, 1½ ko 2. In kowa ya ci da farare, an tashi 1 da 1, wato buɗin ne ya ci wasannin biyu, injinan ba su gaya mana komai ba, ko da allo ya nuna nasara biyu masu ƙayatarwa. Inda magana take shi ne 1½: inji ya ci da ɓangaren da ke da rinjaye, ya kuma tsira da ɓangaren da ke cikin matsi. Masu gwada Stockfish a Fishtest, dandalinsu na gwaji, da wannan ƙirga mai gida biyar suke aiki, kuma tana rage shakkar awo sosai idan buɗin masu karkata ne, domin tana cire rabon buɗi daga lissafi.

8 ga Maris

Na sake bin karawar AlphaZero da Stockfish 8, domin a nan ma kundi ne ya zama abin jayayya. A Disamba 2017 DeepMind, wadda ta ƙirƙiro AlphaZero, ta sanar da wasa 100: AlphaZero ta ci 28, canjaras 72, ba ta sha kashi ko sau ɗaya ba. An ba kowa minti 1 a kowane taku, Stockfish kuma ba ta da kundi. Masu suka suka ce AlphaZero ta zo da buɗinta a cikin kanta, tun da ta koye su yayin da take wasa da kanta, ita kuwa Stockfish an gina ta ne da tunanin za a riƙe mata hannu a farkon wasa. Sukar na da tushe. A rahoton da ya fito a mujallar Science a Disamba 2018 an buga wasa 1,000, AlphaZero ta ci 155, ta faɗi 6. An kuma gwada su a kan buɗin TCEC na 2016, an gwada Stockfish da kundi mai ƙarfi. AlphaZero ta ci gaba da rinjaye, amma Stockfish ta samu cin wasanni fiye da da.

Wannan ya yi daidai da abin da nake gani a ƙaramin gwajina. Inda tazarar ƙarfi take da faɗi, kundi na rage ta ko ya ƙara ta, amma ba ya juya ta. Inda injina suke kafaɗa da kafaɗa, a nan ne kundi ke zama mai yanke hukunci. Kuma wasan ƙarshe na kowace babbar gasa, ai tsakanin masu kafaɗa da kafaɗa ake yin sa.

22 ga Maris

Zagayen kundi mai karkata. Na ɗauko tarin UHO na Stefan Pohl, wanda aka tsamo daga wasannin mutane, aka tace aka bar matsayin da farare ke da rinjaye bayyananne amma bai kai a ce an gama ba. Tun daga Stockfish 15.1, a ƙarshen 2022, an daidaita ma'aunin injin yadda 1.00 ke nufin damar cin wasa rabi da rabi idan yana karawa da kansa. Kusa da wannan iyaka ake son buɗin su tsaya, inda ƙaramin fifiko ke iya mai da canjaras nasara.

Ya yi aiki. Wasanni sun yi rai, tagwaye masu 1½ sun yawaita, tazarar da kundi daidaitacce ya ɓoye ta fito sarari. Tazarar Elo ma ta kumbura a tsakanin injinan nan guda, wanda ke nuna cewa lambar Elo ba ta da ma'ana sai an faɗi kundin da aka auna ta da shi.

Abu biyu ne ba su kwanta mini ba. Na farko, wa ya auna karkatar? Inji ne. Duk tarin da aka tace da idon inji guda, ya ɗauki ra'ayin wannan inji. Matsayin da Stockfish ta ba 1.00, Leela na iya ganin canjaras ne tsaf, ko ta ga an riga an ci. In ka tace da ɗaya daga cikin masu gasa, ka bar ɗan takara ya zana filin da za a fafata, ko da ba ka yi niyya ba. Na fara tace nawa tarin da injina biyu, ina ware matsayin da suka yi saɓani mai yawa a kansu. Abin mamaki, waɗannan da na ware su ne suka fi ba da wasanni masu daɗin kallo, domin a cikinsu ne ake gane wanda ya fahimci matsayin da gaske. Yanzu ina ajiye su a tari na dabam.

Na biyu ya fi zurfi. Gasar da aka gina kan buɗi masu karkata tana auna gwaninta biyu: ƙarasa rinjaye, da jure matsi. Akwai ta uku da ba ta aunawa, wato sanin yadda ba za ka shiga matsin ba tun farko. Injin da zai kauce wa kowane mummunan layi da kansa, an hana shi nuna wannan baiwa, an jefa shi inda ba zai taɓa zuwa ba. Na yarda babu wata hanya mai sauƙi ta raba manyan injina in ba haka ba. Amma ban yarda a kira sakamakon ƙarfin ces kawai a yi shiru ba. Ƙarfi ne a kan zaɓin wani mutum, kuma sunan mutumin nan ya cancanci zama kusa da na injinan.

5 ga Afrilu

Na tsawaita agogo na sake buga wani ɓangare na tarin mai karkata. Buɗi da dama da ke ba da 1½ a gajeren lokaci sun koma canjaras biyu, domin mai kariya ya samu sararin gano hanyar tsira. Wasu kaɗan kuma sun koma 1 da 1, kowa ya ci da farare, saboda mai hari ya daina yin kuskure. Wato tsakiyar da nake nema tana ƙanƙancewa yayin da lokaci ke ƙaruwa, kuma kundin da ya dace da wasa mai sauri bai dace da dogon wasa ba. Wannan ya ƙara mini ganin nauyin aikin masu zaɓar buɗin TCEC, inda lokaci ke da tsawo kuma na'urorin ke da ƙarfin gaske.

Aikin da ke gabana biyu ne. Zan raba tarin gida-gida bisa lambobin ECO da ake rarraba buɗin ces da su, daga A00 zuwa E99, in duba ko jerin injinan huɗu na sauyawa tsakanin buɗin da ke a kulle da waɗanda ke a buɗe. In ya sauya, to yawan kowane iri a cikin buɗi 50 shi kansa hukunci ne. Sannan zan buga zagaye na biyar a ces mai jeri 960, wadda Bobby Fischer ya gabatar a 1996, inda ake hargitsa jerin baya yadda babu kundin mutane da za a dogara da shi. Na riga na tabbatar injinan huɗu duk suna karɓar wannan tsari, an kuma fara buga tagwayen farko.